Aikin injiniya ne ko talla? Amsa ga wani matashi daga Gwale

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina zaune a Gwale. Na karanta injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero, na gama bautar ƙasa, yau shekara biyu ina yawo da takardu ofis-ofis. Ɗan abin da nake taɓawa shi ne haɗa wa mutane sola a gidaje. Kwanan nan wani kamfani da ke Legas, mai shigo da na'urorin sarrafa injinan masana'antu, ya ce zai ɗauke ni in zama wakilinsa a Kano, in riƙa shiga masana'antu ina nemo masa ciniki. Albashin bai taka kara ya karya ba, sun ce sauran kamasho ne a kan abin da na sayar. Da na gaya wa Baba, sai ya ce shi bai sayar da filinsa ya biya mini kuɗin makaranta don in dawo ina talla ƙofa-ƙofa ba, in ƙara haƙuri har aikin gwamnati ya fito. Ni ma ina da shakka. Ina da kunya, ban iya zuba ba, kuma ina tsoron karatun ya zube. Ga shi an sa mini ranar aure bayan babbar salla. Kamfanin ya ba ni mako biyu. Don Allah a ba ni shawara.

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa karatun albarka, ya saka wa Baba da alheri. Ba zan ja maka rai ba: ina ganin ka karɓi aikin nan. Sai dai akwai tambayoyin da dole kamfanin ya amsa maka su a rubuce kafin ka sa hannu, akwai kuma zaman da za ka sake yi da Baba. In amsoshin kamfanin suka zo a karkace, ka bar musu aikinsu, ka ci gaba da solarka har Allah ya kawo wani.

Kai da Baba duka kun yi wa aikin gurguwar fahimta. Mai talla kayan da kowa ya sani yake ɗauke da su, mai saye ya duba, ya taya, a sallama masa. Abin da za ka shiga da shi masana'antun Sharaɗa, ko Challawa, ko Bompai, ko Tokarawa ya sha bamban da wannan. Babu mai masana'antar da ke kwana da tunanin wata na'ura. Abin da ke hana shi barci shi ne injin cika buhu da ke zarce awo, ko moton da ya ƙone sau biyu a wata guda, ko takardar kuɗin wuta da ta ninka. Dole wani ya shiga ya tsaya gaban injin, ya auna, ya gano inda ciwon yake, ya zaɓi na'urar da ta dace, ya lissafa cikin wata nawa za ta mayar da kuɗinta, sannan ya zauna da mai dukiyar ya yi masa bayani da harshen da zai gane. Wanda bai yi irin karatunka ba ko rabin wannan ba zai iya ba, shi ya sa injiniya kamfanin ya nema.

Saboda masu karatu waɗanda ba fanninsu ba ne, da kuma su Baba in ka karanta musu, bari in ɗan faɗi irin kayan. Uwa uba ita ce PLC, wata ƙaramar kwamfuta da ake kafewa cikin fanel. Sensoshi na kawo mata labari, zafi ya kai kaza, nauyi ya cika, kwalba ta iso bakin famfo, ita kuma ta ba da umarni a buɗe nan, a rufe can, a tsayar da wancan moton. A Amurka aka ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da kamfanin motoci na General Motors ya gaji da manyan kabad-kabad na rile, wato makunnan da wuta ke kunnawa da kashewa, waɗanda sai an warware wayoyinsu an sake ɗaurawa duk sanda aka canza samfurin mota. Modicon 084 na cikin na farko, sunan Modicon kuwa yau yana hannun Schneider Electric. A Kano in ka buɗe fanel za ka tarar da Siemens, ko Mitsubishi, ko Omron, ko Delta ta ƙasar Taiwan, ko irin na Sin da ke zuwa cikin injinan roba da na shinkafa. Sai kuma VFD, wadda ma'aikata ke ce wa inbata duk da ba irin ta sola ba ce, aikinta ƙara wa moto gudu ko rage masa gwargwadon buƙata. Sauran su ne allon taɓawa da ofareta ke kallo, da mitoci, da sensoshin kansu.

Lokacin da aikin ya same ka ma ya dace. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ake lissafawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage kaɗan. In wutar KEDCO ta ɗauke aka koma janareta, lita ɗaya ta dizal yunit uku zuwa uku da rabi kawai take bayarwa, sai ka yi lissafin da kanka. Abu biyu suka biyo baya. Mai masana'antar da a da zai yi odar sabon inji daga waje yanzu lallaɓa tsohon yake yi, yana neman mai sabunta masa fanel. Wutar da a da ba a damu da ɓarnarta ba kuma yanzu kowane yunit ana jin zafinsa. Duka biyun ƙofofi ne a gare ka.

Bari in nuna maka yadda cinikin yake a zahiri. Shiga masana'antar shinkafa, ka zaga wajen babbar fankar da ke zuƙe ƙaiƙayi, ko wadda ke hura wa tukunyar tururi iska. Sau da yawa za ka samu moton na gudu iya ƙarfinsa, an kuma karkata marfin ƙarfen da ke cikin bututun ya toshe rabin hanya saboda iskar ta yi yawa. Kamar ɗan a-daidaita-sahun da ya murɗe totur har ƙarshe yana kuma danne birki. Ka maƙala mitarka a waya ka ga abin da yake ja. Ka tuna dokar da aka koya muku a aji: a fanka da irin famfon da ke juyawa, wutar da ake ci tana bin gudu ne in an ninka shi da kansa sau uku. In ka rage gudu da kashi 20 cikin 100, 0.8 sau 0.8 sau 0.8 ya ba ka 0.512, wato wutar ta sauko kusan rabi. A ce moton na jan kilowat 30, awa 16 a rana, kwana 26 a wata, yunit 12,480 ke nan. Ko a naira 200 aka lissafa, ya kusa naira miliyan biyu da rabi. In kashi ɗaya bisa huɗu kacal ka rage, ka ajiye wa Alhaji naira dubu 624 duk wata. Wannan takardar guda ɗaya, mai ɗauke da awon da ka yi da hannunka a masana'antarsa, ita za ka ajiye masa a tebur bayan la'asar. Ba ka buƙatar zaƙin baki. Mutumin Kano ya san lissafi.

Amma a nan ne kuma ake gane injiniya na gaske. Wannan dokar ba ta hau kan kowane inji ba. Bel ɗin da ke jan kaya, ko injin niƙa da ke cike da lodi dare da rana, inbata ba za ta rage masa wuta haka ba, sai dai ta sauƙaƙa masa tashi. Famfon da ke tura ruwa sama mai tsawo shi ma ragin da za a samu bai kai na fanka ba. Za ka ji ana matsa maka daga ofis ka sayar ko ta halin ƙaƙa don wata ya kusa ƙarewa. Kada ka yarda ka yi alkawarin ragin da ka san ba zai samu ba. Masu masana'antun garin nan sun san juna, suna haɗuwa a taron ƙungiyarsu ta MAN, suna haɗuwa a ɗaurin aure da jana'iza. Na'ura ɗaya da ka kafa ba ta yi abin da ka ce ba, kafin ka isa ƙofa ta gaba labari ya riga ka. In kuwa ka taɓa ce wa mutum, "Alhaji, wannan injin ba ya buƙatar kayana, a gyara masa boris kawai," to ka samu kwastoma na shekaru.

Akwai kuma sanin gari, wanda kai kake da shi, mutumin Legas mai riƙe da katalogi ba shi da shi. Inbatoci da yawa a zafin digiri 40 aka auna cikakken ƙarfinsu, ɗakin inji mai rufin kwano a watan Afrilu kuwa ya wuce nan. Ka buɗe fanel a ƙarshen hunturu ka ga yadda ƙura da garin dusa suka yi kafet a kan fankar sanyaya na'ura, har ka sa yatsa ka yi rubutu. Ga wutar da ke hawa tana sauka, ga sauyi tsakanin KEDCO da janareta sau da yawa a yini. Wanda bai sa waɗannan a lissafi ba zai zaɓi na'ura daidai wa daida, ta ƙone cikin 'yan watanni, a ce kayan ne marasa kyau. Kai za ka san a ɗan ɗara girma, a sa matatar iska, a gyara wayar ƙasa, a sa kariya.

Maganar kunya ba ta dame ni ba. Waɗanda na ga sun daɗe a wannan sana'a yawancinsu masu sauraro ne. Abin da za ka koya shi ne wa ake yi wa wace magana. A masana'anta guda akwai mai ita, wanda kuɗi ne damuwarsa. Akwai manaja, wani lokaci Ba'indiye ko ɗan Lebanon ko ɗan Sin, wanda yawan abin da aka fitar a yini ne a gabansa. Akwai injiniyan gyara, shi za a tasa tsakar dare in abu ya tsaya, don haka tambayarsa ita ce ina za a samu kayan gyara kuma wa zai ɗaga waya. Akwai mai sayo kaya da akanta. Sannan akwai wanda sababbin shiga ke wucewa ko sallama babu, dattijon ofareta da ya shekara da shekaru gaban injin, wanda daga ƙara kaɗai yake gane boris ya fara ci. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka tambaye shi abin da ke damun injin. Rabin binciken da za ka yi yana bakinsa.

Shi wannan dattijon yana tsoronka, kuma yana da hujja. Yana ganin na'urar da ka kawo ita za ta raba shi da abincinsa. Ba zan ce maka hakan ba ya faruwa ba. Injin tsince shinkafa mai kyamara yana yin aikin da hannaye da yawa ke yi a da, kuma wannan abu ne da ya kamata ya tsaya maka a rai. Abin da na sani shi ne, mu a Kano mun ga ɗaya ɓangaren ma. Mun ga masaƙu da sauran masana'antu a Bompai da Sharaɗa sun rufe saboda kayansu sun kasa gogayya da na waje, in ƙofa ta rufe kuwa har maigadi sai ya tafi gida. Abin da ke hannunka shi ne duk cinikin da ka ƙulla ka sa koyar da ma'aikatan wurin a cikinsa, da Hausa, a gaban injin, har dattijon nan ya iya karanta allon ya gane abin da ƙararrawa ke nufi. Na'urar da ofareta bai yarda da ita ba, wata rana za ka dawo ka tarar an zagaye ta da waya.

Yanzu kuɗi, kuma a nan nake so ka buɗe ido sosai saboda aure na gabanka. Cinikin masana'anta ba ya nuna da wuri. Daga ranar da ka fara sallama zuwa ranar da kuɗi zai shiga asusun kamfani ana iya cin wata uku, wata shida, har shekara. Saboda haka ka lissafa rayuwarka a kan tsuran albashi, kamar babu kamasho. In albashin ba zai ɗauki cefane da haya da kuɗin mota ba, ka nemi ƙari, ko a ba ka wani tsayayyen alawus na watanni shida na farko. Surukanka ma albashin za ka faɗa musu, kada ka gina musu gida a kan kuɗin da bai zo ba.

Ka tambayi kamfanin yaushe ake biyan kamashon, ranar da aka sa hannu ko sai kwastoma ya gama biya, domin akwai masu karɓar kaya su riƙe cikon kuɗi wata da watanni. Ka tambaya a kan wane adadi ake lissafa shi, kafin a cire harajin VAT na kashi 7.5 da wanda kwastoma ke zaftarewa tun daga tushe, ko bayan an cire. Wa ke biyan man mota, katin waya, laftof, da lasisin manhaja, tunda irin TIA Portal ta Siemens da kuɗi ake sayenta? In masana'antar da ka sha wahala ka buɗe ta koma tana kiran Legas kai tsaye, cinikin na wane ne? Kano kaɗai aka ba ka, ko har Kaduna da Jigawa da Katsina? Takardar farashin da za ka miƙa, kwana nawa take aiki, tunda da dala ake sayo kayan, kai kuma da naira za ka rubuta? Ka kuma tambayi fansho. Dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma amsar wannan tambayar za ta yi maka amfani a gaban Baba.

Tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi ita ce ta bayan ciniki. Su dillalai ne da masu ƙera kayan suka amince da su, ko dai suna tsinto kaya ne daga ko'ina? Jabu da tsofaffin da aka goge aka sake sa wa kwali suna yawo a kasuwa, manyan kamfanonin kuma suna wallafa sunayen wakilansu a shafukansu na intanet, sai ka duba. Suna da kaya a ajiye a Najeriya, ko duk abin da ya lalace sai an jira jirgi? Wa ke ɗaukar garanti? Wa zai zo ya kafa, ya kuma dawo in an samu matsala? Su suna Legas, kai kake Gwale. Ranar da layin cika kwalba ya tsaya, ƙofar gidanku za a buga, kuma sunan gidanku ne zai ɓaci in babu mai tsaya maka. Kamfanin da ya ce kai dai sayar, sauran ba ruwanka, wannan shi ne tallan da Baba ke gudu, kuma da gaskiyarsa.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba amma zai same ka, wataƙila a watan farko. Wani zai ja ka gefe, ya rage murya, ya ce, "To Injiniya, namu nawa ne a ciki?" Ko ya ce a ɗora wani abu a kan farashi, in an biya a miƙo masa. Kamashon da kamfaninka ke ba ka halalinka ne, ladan aikinka ne, kowa ya san da shi. Wannan kuwa kuɗin mai masana'anta ne ake ɗiba bai sani ba, kai kuma aka mayar da kai ludayi. Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da cin hanci da mai karɓa. Ka tambayi kamfanin matsayinsu a kan wannan tun yanzu, ka kalli fuskar mai ba ka amsa. Za ka rasa wasu cinikayya saboda ka ƙi, ba na ɓoye maka, kuma zai yi ciwo a watan da aljihu ya bushe. Amma akwai abin da za ka iya ba injiniyan gyara wanda ba haram ba ne kuma yana matuƙar so: ka koya masa na'urar, ka ba shi zanen wayoyi, ka ɗaga wayarsa ƙarfe biyun dare. Da yawansu in suka samu wannan sun daina waccan maganar.

Akwai kuma ɓangaren raya kasuwa a cikin aikin nan, ma'anarsa ka hango ciniki tun bai zama ciniki ba. Misali, injina da yawa da aka shigo da su daga Sin suna zuwa da PLC a kulle da lambar sirri, babu kwafin manhajar a hannun mai injin. Ranar da ta mutu, masana'anta ta tsaya cak ana ta neman wanda ya sayar da injin a waya. In ka bi masana'antu kana rubuta musu abin da ke cikin kowane fanel, wanne ke da kwafi, wanne babu, wanne aka daina ƙerawa, ka yi musu hidima kuma ka san kasuwarka ta shekaru masu zuwa. Siemens ma ta fara janye tsohon samfurinta na S7-300 tun watan Oktoban 2023, duk mai shi wata rana zai nemi canji. Ka san masu haɗa fanel na gari da masu shigo da injina, domin mutum ɗaya a cikinsu zai iya kai ka ƙofa goma. Ka leƙa baje kolin ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA a titin gidan Zoo. Ka sa ido kan bututun gas na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka fara a 2020, domin in gas ya wadata a Kano, masu komawa janareta da tukunyar gas duk za su nemi na'urorin sarrafawa. Solar da kake rainawa ma jari ce, masana'antu na neman wanda ya san yadda ake haɗa sola da janareta da wutar KEDCO su yi aiki tare.

Tsoron zubewar karatu kuwa, yana iya faruwa in ka bari. Maganinsa kada a kafa wani abu da ka sayar ba ka wurin, da rigar aiki, hannunka cikin fanel. Ka nemi 'yar ƙaramar PLC ko ta hannu ce, irin ta Delta da manhajarta kyauta ce, ka ajiye a ɗaki kana gwaji da dare har ka iya rubuta mata umarni, ka iya haɗa ta da inbata ta Modbus, hanyar da na'urori ke magana da juna, ka san siginar 4 zuwa 20 da sensoshi ke aika awo da ita kamar sunanka. Duk aikin da ka zana ko ka kafa ka rubuta shi a littafi, domin COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, na neman gogewar shekara huɗu bayan digiri kafin rajista, kuma aikin injiniya na zahiri za su tambaya. Ka shiga reshen Kano na ƙungiyar injiniyoyi ta NSE. Wanda ya yi 'yan shekaru a haka ya san cikin masana'antun garin nan fiye da wanda ya zauna a guda ɗaya, daga nan ko ya hau manaja, ko masu ƙera kayan su ɗauke shi, ko ya buɗe nasa kamfanin haɗa fanel.

Sai Baba. Kada ka je masa da gardama, kada kuma ka ce za ka tuna masa cewa Kano garin kasuwanci ne, ko Alhassan Ɗantata da fataucin goro ya fara. Ya fi ka sanin wannan. Mutumin da ya rabu da fili saboda kai, abin da yake so ya gani shi ne ka tsaya a kan abin da ba zai zame ba, shi kuma a zamaninsu aikin gwamnati ne wannan abin. Ka girmama tsoron nan, domin ƙauna ce ta haife shi. Ka je da takardar ɗaukar aiki wadda aka rubuta injiniya a kanta, in ba su rubuta ba ka nemi su rubuta. Ka nuna masa albashi da fansho. Ka yi masa lissafin fankar nan a takarda, ya ga karatun da ya biya ne ke aiki. Ka tabbatar masa ba za ka daina neman na gwamnati ba, in ya fito za ku sake zama. Sannan ka roƙe shi ya ba ka shekara ɗaya da albarkarsa. In ka ga maganar ta fi ƙarfin bakinka, ka ɗauki baffanka ko wani amininsa da yake jin nauyi. In duk da haka ya ce a'a, kada ka fara a ɓoye. Ka nemi kamfanin ya ƙara maka lokaci, ka ci gaba da lallashi, ka yi istihara.

Cikin mako biyun nan kuma ga aikin da za ka fara da shi gobe. Ka ce kamfanin ya faɗa maka masana'antu biyu a Kano ko Kaduna da suka taɓa kafa wa kaya. Ka je da ƙafarka, ka nemi injiniyan gyara, ba manaja ba, ka tambaye shi: ranar da kayan mutanen nan ya ba da matsala, kwana nawa suka yi kafin su zo, kuma wa ya biya? In sun kasa ba ka suna ko ɗaya, ka tambaye su dalili kafin ka ɗauki biro.